Halwa da Zikiri: Tarihin Neman Lafiyar Zuciya Daga Degel Zuwa Ƙasar Ƙaraye

GABATARWA

Duk Bahaushen da ya fita ƙofar gidansa da safe, kalmar da zai fara ji a bakin maƙwabcinsa ita ce lafiya. An kwana lafiya, iyali lafiya, gona lafiya, kasuwa lafiya. Idan ƙasa ba yaƙi ba yunwa sai mu ce ana zaman lafiya, idan kuwa ƙafar keke ta karkace sai mu ce keken nan ba shi da lafiya. Kalma ɗaya ce tak, amma ta ɗauki jiki da hankali da gida da zaman gari gaba ɗaya. Wannan ya nuna cewa tun asali Bahaushe bai taƙaita lafiya ga rashin zazzaɓi ko ciwon kai ba. A wurinsa lafiya ita ce daidaituwar al'amura, watau kowane abu ya zauna inda ya dace da shi. Ko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarinta a 1948, inda ta haɗa jiki da hankali da zamantakewa cikin ma'anar lafiya, ba ta zo wa kakanninmu da sabon labari ba.

Tun daga shekarun 1960 mutanen Turai da Amurka suka dukufa kan wani irin zama na shiru da tattara hankali, wanda suka aro daga Indiya da ƙasashen mabiya addinin Buda. Yanzu ana koyar da shi a asibitoci da makarantu, har ma a cikin wayar hannu. Na lura da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai suna karanta labarin wannan abu kamar wani baƙon ilmi ne da bai taɓa sauka ƙasar Hausa ba. Ni mutumin Tudun Kaya ne, cikin ƙasar Ƙaraye, kuma na tashi ina jin sautin wazifa yana fitowa daga masallaci bayan magariba. Manufata a wannan maƙala ita ce in bi diddigin tarihin halwa da zikiri a ƙasarmu, in nuna yadda magabata suka haɗa su da lafiyar jiki da ta hankali, sa'an nan in faɗi abin da nake ganin ya wajaba a kanmu game da wannan gado.

ASALIN HALWA DA SHARUƊƊANTA

Kalmar halwa Larabci ce, ma'anarta keɓewa. Sufaye sun kafa hujjarsu da zaman da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa yi a kogon Hira kafin saukar wahayi, da kuma darare 40 na Annabi Musa. Game da zikiri kuwa, babbar madogararsu ita ce aya ta 28 ta Suratur Ra'adi, inda aka danganta natsuwar zukata da ambaton Allah.

Malamin da ya fi kowa tasiri a kan malamanmu cikin wannan fanni shi ne Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. A shekarar 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a babbar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, sai harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci kuma ya daina karɓarsa. Shi da kansa ya ba da labari cewa likitoci sun duba shi suka ce ciwon daga zuciya ya taso, magani ba zai yi ba sai an kawar da damuwar. Ya bar muƙaminsa ya tafi Sham, ya riƙa keɓewa a hasumiyar masallacin Dimashƙu. Daga wannan keɓewa ne littafin Ihya'u Ulumiddini ya fito, inda ya jera halaye masu halakarwa, kamar hassada da girman kai da riya da fushi da rowa, ya kira su cututtukan zuciya, ya kuma tsara wa kowannensu magani kamar yadda likita yake tsara wa majinyaci.

Halwa ba shiga ɗaki kawai ba ce a rufo ƙofa. Littattafan sufaye sun gindaya mata sharuɗɗa masu tsanani. Na farko, ba a shiga sai da izinin shehi. Ɗakin ya zama ƙarami, marar haske da yawa, nesa da hayaniya. Mai halwa ya dawwama cikin alwala, ya yi azumi, ya rage ci da barci da magana, kada ya fita sai don lalura ko salla. Ya lizimci ambato guda wanda aka ba shi, duk tunanin da ya faɗo masa kuma ya kau da kai daga gare shi ya koma kan ambatonsa. Duk abin da ya gani ko ya ji, a farke ko a mafarki, ya kai wa shehinsa, kada ya fassara wa kansa. Ana yin kwana 3, ko 7, ko 40.

Mai karatu ya dubi yadda suka rarrabe tunanin ɗan Adam. Sun ce abin da yake faɗowa cikin zuciya iri 4 ne: akwai na Ubangiji, akwai na mala'ika, akwai na son rai, akwai na Shaiɗan, kuma aikin almajiri shi ne ya koyi gane kowanne tun kafin ya zama niyya. Rai ma sun ba shi matakai, daga mai umurni da mugun aiki, zuwa mai zargin kansa, zuwa natsattse. Halin da yawancinmu muke ciki, na ci da sha da kai-kawo ba tare da tuna inda aka dosa ba, shi suka kira gafala. Wannan ilmin hankali ne cikakke, da kalmominsa da matakansa, kuma Bahaushe ya taƙaita shi cikin karin magana da ya ce hankali ke gani, ido gululu ne.

SHEHU USMANU DA JAMA'ARSA

Ana danganta shigowar Ƙadiriyya Kano ga Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Amma zamanin da aka fi samun rubuce-rubuce a kansa shi ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zauna Degel, ya rasu a Sakkwato a 1817. Yawancin littattafan tarihi da muke karantawa a aji sun fi mai da hankali ga hijirar Gudu ta 1804 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, har mukan manta cewa mutumin nan sufi ne Baƙadire, wanda ya karɓi wuridai daga malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru.

A cikin ɗan littafinsa na Wuridi, Shehu ya ba da labarin abin da ya same shi yana da shekara 36. Abin lura shi ne da gaɓoɓin jiki ya bayyana shi. Ya ce an yaye masa lulluɓi daga gani da ji da shaƙa da ɗanɗano, nauyin jiki ya sauka, na nesa ya zama kamar na kusa, har yakan gane halal da haram a abinci tun kafin ya haɗiye. Ya kuma ce ya sami wuridinsa rubuce a kan haƙarƙarinsa na biyar na dama. Da ya kai shekara 40 da 'yan watanni, watau wajen 1794, sai ya ga an kai shi gaban Annabi, Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Ko mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin karama, ko ya dube shi da idon mai nazarin tarihi, abu ɗaya tabbatacce ne: a wurin Shehu farkawar zuciya da wartsakewar jiki tafiyarsu ɗaya, kuma shekara 10 bayan wannan gani aka kafa daular da ta sauya ƙasar Hausa. Ashe zaman shiru bai hana motsi ba.

Jama'ar Shehu ba su raba maganin jiki da na zuciya ba. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insani, wanda tun daga sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781 zuwa 1837) ya yi rubuce-rubuce kan maganin Annabi, da ciwon ido, da basir, da yadda ake wanke ciki da filasko. Da Baturen nan Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Sarkin da yake jan wuridi dare da rana bai ga wani saɓani ba tsakanin tasbaha da likitan Turawa. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna Matuzgi ta ƙasar Zamfara, ya rubuta kan asiran sunayen Allah da amfaninsu wajen warkarwa. Nana Asma'u kuwa (1793 zuwa 1864) ta tara fa'idojin surorin Alƙur'ani ga marar lafiya da mai naƙuda da mai tsoro cikin Tabshirul Ihwani a 1839, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojinta suke kai karatu ga matan karkara. Masu nazarin rayuwarta sun nuna cewa ɗaya daga cikin manufofinta ita ce ta bai wa mata abin da zai maye musu gurbin bori.

Tijjaniyya ma ta wannan gida ta fara shigowa. Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato wajen shekara 7 a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yar Bello, ya bar garin bayan rasuwar Bello. Littafinsa Rimahu, wanda ya kammala a 1845, yana da babi a kan halwa da sharuɗɗanta, kuma har yau ana karanta shi a zaurukan malaman Kano.

ƘASARMU: SHAIDAR BABA TA KARO

To, ina talakan ƙauye a cikin wannan labari? Mu mutanen Ƙaraye da Rogo mun yi sa'a, domin ɗaya daga cikin shahararrun littattafan tarihin rayuwar Bahaushiya labarin 'yar ƙasarmu ne. An haifi Baba a Karo, kusa da Zarewa wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Rogo, a 1877, ta rasu a 1951. Baturiyar nan Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fito da shi da Hausa. Baba ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure sau 4 ba ta sami haihuwa ba. Cikin labarinta ana ganin yadda matan zamaninta suke neman taimako idan ciwo ko rashin haihuwa ko rikicin aure ya taso: ga malami da allonsa da rubutun sha da laya, ga kuma 'yan bori da iskokinsu, kowanne da sunansa da halinsa.

Ƙasar nan tamu tana iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau, kuma tun da daɗewa Musulmi da Maguzawa suke zaune cikinta kafaɗa da kafaɗa. Saboda haka hanyoyi biyu na sauya hayyaci suka daɗe suna gogayya a cikinta. A bori, ana kaɗa garaya ko goge har iska ya hau mutum, mutumin ya zama doki, in ya sauka kuma bai san abin da ya faɗa ba. Wanda ciwon iska ya kama akan yi masa girka, a keɓe shi kwanaki a hannun masu abin, ya fito ya san yadda zai zauna da iskansa. A zikiri kuwa ana so mutum ya kori duk wani baƙo daga zuciyarsa har ba abin da ya rage sai Wanda ake ambato. Malamai sun yi tir da bori tun zamanin jihadi, kuma bambancin aƙida tsakanin hanyoyin biyu a fili yake. Amma mai nazarin tarihi zai lura cewa majinyacinsu ɗaya ne, watau mutumin da ransa ya ɓaci har jikinsa ya amsa, kuma dukansu sun yi amfani da keɓewa da maimaici da jagora da jama'ar da za ta karɓi mutum in ya fito.

A Malumfashi, maƙwabciyarmu ta yamma, masana biyu sun yi bincike mai amfani a gare mu. Murray Last, a wata maƙala ta 1981, ya nuna cewa majinyata suna zagawa tsakanin asibiti da malami da boka ba tare da sun damu da sanin hujjar kowanne ba, muddin za a sami sauƙi. Lewis Wall kuma, a littafinsa na 1988 kan maganin Hausawa, ya gina bayaninsa ne a kan kalmar nan ta lafiya da ma'anarta ta daidaito.

ƘARNI NA 20: FAILA DA BANDIRI

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso bayan 'yan shekaru, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sarkin Kano Abbas (1903 zuwa 1919) ya karɓi Tijjaniyya, wannan ya ba ta gindin zama a fada. Amma babban sauyi ya zo ne ta hannun Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Senegal (1900 zuwa 1975), wanda ya bayyana a 1929 cewa Failar da Shehu Ahmadu Tijjani ya yi bushara da ita ta sauka a hannunsa. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga baya ya riƙa zuwa Kano, manyan malaman Salgawa irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga suka miƙa masa wuya.

Abin da Faila ta kawo shi ne tarbiyya. A da, sanin Allah irin na sufaye rabon 'yan ƙalilan ne, waɗanda suka sha wuyar halwa shekara da shekaru. Shehu Ibrahim ya buɗe ƙofar ga kowa, tela da ɗan koli da manomi da matar aure, ba tare da doguwar keɓewa ba. Muƙaddami zai ba almajiri wasu ambato na musamman, ya riƙa bibiyarsa da tambayoyi, har ya kai ga halin da suke kira fana'i, inda yake daina ganin kansa, sa'an nan a dawo da shi zuwa baƙa'i, ya koma sana'arsa da iyalinsa da sabuwar fahimta. John Paden, a littafinsa na 1973 kan addini da siyasar Kano, ya nuna yadda 'yan kasuwa suka zama ƙashin bayan wannan tafiya. Motar da ta ɗauki gyaɗa daga ƙauye ita ta komo da muƙaddami da littafin wuridi.

Ga abin da Batijjane yake yi kullum. Safe da yamma yana da lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Sau ɗaya a yini akwai wazifa cikin jama'a, a zagaye farin ƙyalle: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ran Juma'a bayan la'asar kuma a yi zikiri har faɗuwar rana. Mai karatu ya auna wannan da rayuwar manomi a ƙauye irin namu. Mutum ya yini a gona, ga bashin taki, ga damina ta yi gardama, ga yaro ba lafiya. Magariba ta yi ya zauna gwiwa da gwiwa da maƙwabtansa, murya ta zama ɗaya, numfashi ya zama ɗaya. In aka shafa fatiha sai a tambayi wanda ba a gani ba, in ciwo ne a je dubiya, in rashi ne a haɗa abin da ya sawwaƙa. Na sha ganin dattijon da ya shigo masallaci fuska a murtuke ya fita yana raha. Ni a ganina rabin maganin yana cikin ambaton, rabi kuma yana cikin zaman tare.

Ƙadiriyya ma ta sabunta a hannun Malam Nasiru Kabara, wanda ya ziyarci Bagadaza a 1953, ya haɗa rassan ɗariƙar a ƙarƙashinsa, ya rasu a 1996. Shi ya fito da bandiri fili, ya kafa Maukibin da ake yi kowace shekara a Kano. Wanda duk ya taɓa tsayawa kusa da masu zikirin anfasu ya san abin da nake nufi da haɗuwar jiki da ruhi. Ana farawa da kalmar shahada a hankali, bandiri yana riƙe da ma'auni, jiki yana rangaji, sa'an nan lafazi ya riƙa gajarcewa har ya koma numfashi zalla mai fita daga ƙirji. Sunan abin ma daga kalmar numfashi ta Larabci aka samo shi.

SAƁANI

Wannan tarihi bai tafi sumul ba. An yi rikici tsakanin Tijjanawa da Ƙadirawa a lardin Sakkwato a 1949 da 1956, aka kuma daɗe ana jayayya kan ƙabalu da sadalu. A 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fito da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha yana sukar ɗariƙu, a 1978 kuma aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris. Hujjarsu ita ce wuridai masu ƙayyadadden adadi da bandiri da tarbiyya ba su da asali a sunna. 'Yan ɗariƙa suka mai da martani da nasu hujjoji. Gidaje sun rabu, masallatai sun rabu, har a ƙauyukanmu.

Ba aikina ba ne in yanke hukunci a nan, wannan fagen malaman addini ne. Abin da na lura da shi a matsayin mai nazarin tarihi shi ne buƙatar ba ta gushe ba, sai dai ta sauya riga. Waɗanda suka bar wazifa sun riƙe azkar na safe da yamma, da tahajjudi, da i'itikafin goman ƙarshe na azumi, wanda shi ma keɓewa ne. Daga shekarun 1990 kuma ruƙiyya ta yaɗu, shagunan maganin Musulunci masu zuma da habbatus sauda da man zaitun suka cika garuruwa. Duk ɓangarorin sun yarda cewa zuciya tana ciwo, kuma ambaton Allah yana cikin maganinta.

ABIN DA LIKITOCIN ZAMANI SUKA GANO

A 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya buga littafi kan abin da yake faruwa a jikin mai zaman natsuwa: bugun zuciya yana raguwa, numfashi yana lafawa, jiki yana rage cin iska. Ya ce abu biyu ne suke jawo haka, maimaita kalma ko addu'a, da kau da kai daga duk tunanin da ya kutso. Mai karatu zai tuna waɗannan suna cikin sharuɗɗan halwa da na ambata. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako 8 na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts. A 2001 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Luciano Bernardi suka gano cewa jan carbin Katolika da maimaita lafuzzan yoga suna sauko da numfashi zuwa kimanin 6 a minti ɗaya, abin da yake taimakon daidaiton jini da zuciya. A 2014 kuma masana a Jami'ar Johns Hopkins suka tace gwaje-gwaje 47, suka sami matsakaiciyar shaida cewa irin wannan zama yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗi, amma ba su sami shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba.

Waɗannan bincike an yi su ne a kan mutanen wasu ƙasashe da wasu addinai, saboda haka kada mu yi saurin cewa kimiyya ta tabbatar da wuridin wane. Akwai kuma bambancin manufa. Baturen asibiti yana zama ne don jininsa ya sauka. Sufi kuwa yardar Allah yake nema, in lafiya ta biyo baya to ƙari ce, kuma shehunai sun ce wanda ya shiga halwa don neman wani abu ban da Allah ya fita tun bai shiga ba.

Wani binciken ya fi ja mini hankali. A 2017 masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tattauna da mutum 60 masu zurfafa irin wannan zama, suka tarar da yawansu sun gamu da tsoro, da rashin barci, da gane-gane, da jin kamar sun rabu da kansu, wasu har na tsawon watanni. Wannan mu ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Kowane gari yana da labarin wanda aka ce ya ja wuridi ba izini, ko halwa ta juye masa, ko karatu ya taɓa shi. Sufaye suna da sunan majzubi ga wanda aka fizge bai dawo ba. Dalilin sharaɗin shehi ke nan, da sharaɗin kai rahoton duk abin da aka gani. Yunwa da rashin barci da kaɗaici wuƙa ce mai kaifi biyu, magabata kuwa sun san haka, shi ya sa suka yi mata kube.

KAMMALAWA

Abin da yake damuna shi ne kuben nan yana neman ɓacewa alhali wuƙar tana nan. Ana sayar da littattafan asirai a bakin kasuwa, ana tura laƙani ta waya, saurayi ya kulle kansa a ɗaki yana neman hadimin da zai kawo masa kuɗi, ba shehi ba jagora. In hankalinsa ya gushe sai a ce aljanu ne, a kai shi inda za a sa masa mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mataki ne mai kyau, amma doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Tun a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa likitan ƙwaƙwalwa zai iya aiki tare da dangi da masu maganin gargajiya a sami nasara. Malamin da ya san iyakarsa ya tura majinyaci asibitin Dawanau bai saɓa wa Muhammadu Bello ba, wanda ya nemi likita daga Ingila.

Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu da abubuwa 3. Na farko, duk wanda ya je hutu gida ya zauna da dattawan zawiyar garinsu, maza da mata, ya rubuta wa ya kawo musu wuridi, daga ina, a wace shekara, da yadda suke bi da wanda abin ya fi ƙarfinsa. Da Mary Smith ba ta zauna da Baba ba, da duk abin da tsohuwar nan ta sani ya bi ta kabari shekara ɗaya bayan haka. Na biyu, mu nemi izinin magada mu ɗauki hoton takardun da suke cikin gafakokin malamanmu kafin gara ta riga mu, mu kai kwafinsu wuraren ajiya irin su Gidan Arewa na Kaduna. Na uku, ɗaliban Hausa da na likitanci su haɗa kai su tattara kalmominmu na halin zuciya, irin su natsuwa da gafala da waswasi da ƙunci da firgita da zautuwa da hayyaci, su bayyana iyakar kowacce, domin likitan da bai san bambancin ƙuncin rai da taɓin hankali a bakin majinyacinsa ba, da wuya ya ba shi maganin da ya dace.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Magabatanmu sun ƙara da cewa ita ma uwar tana da mazauni, shi ne zuciya, kuma sun bar mana ilmin kula da wannan mazauni a rubuce da kuma a aikace. Allah Ya ba mu ikon tattara shi da tace shi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.